Darasi na 14: Cajen Jaka a Ƙofar Kanti

Wannan darasi a kan wata 'yar mu'amala yake, wadda ba ta wuce minti ɗaya amma takan bar ɓacin ran da ake kwana da shi. Mutum ya gama sayayya a babban kanti, ya biya kuɗinsa, ya nufi ƙofa, sai mai gadi ya tare shi ya ce ya buɗe jakarsa. Ana so a ƙarshen darasin ɗalibi ya iya bambance cajen da ya kamata ya amince da shi da wanda yake da ikon ƙi, ya kuma san inda zai kai kuka idan an ci masa mutunci. A ajinmu akwai masu sayayya, akwai masu shago, wataƙila ma akwai wanda da gadi yake ci da iyalinsa. Maganar ta shafi kowa.

Da can akwai kanta

Duk wanda ya tashi a Kiyawa ko Jahun ko Birnin Kudu ya san yadda shagon unguwa yake. Mai shago yana ciki, kai kana waje, tsakaninku akwai kanta ko tebur, wani lokacin ma 'yar taga ce kawai. Ka ce a ba ka sukari gwangwani biyu da sabulu, ya juya ya ɗauko, ka miƙa kuɗi ya miƙo kaya. Hannunka bai taɓa komai ba sai abin da ka biya. Haka abin yake ranar kasuwar Shuwarin: mai hatsi na zaune kusa da buhunsa, mai atamfa shi zai warware maka turmi, shi zai naɗe abinsa. A irin wannan ciniki babu dalilin da zai sa a ce wa mutum ya buɗe jaka, wanda ma ya faɗa sai a ce ba shi da kunya.

Babban kanti na zamani da nasa tsarin ya zo. An ɗauke kantar nan, an jera kaya a fili, an ba mai saye kwando ya zaga ya ɗebi abin da ransa ke so, sannan ya biya wajen kashiya a bakin fita. Wani ɗan kasuwa Ba'amurke mai suna Clarence Saunders aka fi jingina wa wannan tsari, shi da ya buɗe kantin Piggly Wiggly a birnin Memphis a 1916. Mutanen Jigawa da yawa a Kano suka fara sabawa da shi, a kantuna irin su Sahad, da Shoprite wadda ta buɗe a Ado Bayero Mall a 2014 ta kuma rufe a Janairun 2024. Dutse kuwa, tun da ta zama babban birnin jiha ranar 27 ga Agusta 1991 ma'aikata suka yi ta tarewa, sannan Jami'ar Tarayya ta zo a 2011 da ɗalibai da malamai daga ko'ina, sai irin waɗannan kantuna suka yi ta fitowa a manyan titunan gari.

Tsarin yana da daɗinsa. Ka duba farashi da idonka, ka juya gwangwani ka ga ranar lalacewarsa, ba mai matsa maka. Sai dai tsaron da kanta take yi a da yana nan, matsar da shi kawai aka yi ya koma bakin ƙofa. Mai gadin da ke neman rasit aikin tsohuwar kantar yake yi, sai dai ita kanta ba ta kallon fuskar kowa, shi kuwa yana kallo. Daga nan yawancin rigimar take tasowa, za mu dawo kanta.

Akwai kuma wani abu da ya saba mana da buɗe jaka. Bayan hare-haren Kano na 20 ga Janairun 2012, da harin babban Masallacin Juma'a na ƙofar gidan Sarki a Nuwambar 2014, da na kasuwar Kantin Kwari a watan da ya biyo baya, sai na'urar lalube ta zama ruwan dare a ƙofofin masallatai da bankuna da ma'aikatu a duk faɗin Arewa. Mutane suka karɓa ba gardama, don rai ake karewa. Amma a lura, wancan cajen shiga ne, tambayarsa ita ce me ka shigo da shi. Cajen fita kuwa tambayarsa me ka fita da shi, kuma duk yadda aka tausasa murya akwai ƙanshin zargi a cikinta.

Lissafin mai kanti

Kafin a yi fushi da mai kanti, a zauna a kujerarsa. Mu ɗauka, a matsayin misali, ya saro gwangwanin madara a kan naira 3,800 yana sayarwa naira 4,000. Ribarsa naira 200 ke nan. Idan gwangwani ɗaya ya fita a ƙarƙashin riga, sai ya sayar da 19 kafin uwar kuɗin wannan ɗayan ta dawo, ba a ma fara maganar man janareta da kuɗin haya da albashin yara ba. Kayan da aka fi ɗauka kuwa ƙanana ne masu tsada: turare, man shafawa, batir, cajar waya, madarar jarirai. Asarar ba ta tsaya a aljihunsa ba. Ko dai ya ɗora ta kan farashi mu duka mu biya, ko ya cire ta daga albashin yaran kanti, kamar yadda wasu ke yi.

Abin da masu saye da yawa ba su sani ba shi ne, duba rasit a ƙofa ba su kaɗai ake sa wa ido da shi ba. Har da kashiya. Yakan yiwu ta haɗa baki da wani nata, ta wuce da kaya biyar a na'ura alhali takwas ta zuba masa a leda. Yakan yiwu kuma kuskure ne, ta buga abu ɗaya sau biyu, ka biya kuɗin sabulu biyu ka tafi da ɗaya. Nan mai gadin da ya ƙirga kaya ya gwada da rasit kai ya yi wa aiki.

Karatu

Ga wani misali, a karanta shi a bayyane, mutum uku su raba muryoyin.

Wata dattijuwa ta shigo Dutse daga ƙauye don dubiya a asibiti. Ta biya wani babban kanti ta sayi madara da sukari da ganyen shayi, ta biya, aka zuba mata a leda. A kafaɗarta akwai tsohuwar jakar hannu. A gabanta wani mutum cikin babbar riga ya fita riƙe da jakar fata, mai gadi ya ɗaga masa hannu ya ce, "A sauka lafiya, ranka ya daɗe." Da ta iso sai ya tare hanya.

"Inna, kawo rasit."

Ta miƙa masa. Ya leƙa leda, ya ƙirga kaya uku, ya ja layi da biro a kan takardar ya mayar mata.

"Saura jakar nan, Inna."

"Wace jaka, ɗan nan? Wannan da ita na shigo."

"Doka ce, kowa ana dubawa."

"Kowa? Alhajin da ya fita yanzu, ka duba tasa?"

Mai gadi ya yi shiru. Mutum biyu da ke bayanta suka miƙo wuya. Ba ta ɗaga murya ba, ta ce, "In wani ya ce ya ga na ɗauki abu, a faɗa mini abin da na ɗauka. In kuwa babu, kira mini babbanku."

Manaja ya zo, ya gaishe ta, ya ji bayani. Ya ce, "Hajiya, a yi haƙuri. Ba wanda ya ce kin ɗauki komai. Kuskurenmu ne, ki tafi abinki." Ta ce, "A'a, tunda an fara a gaban mutane, a ƙarasa. Kira mini mace." Aka kira wata ma'aikaciya, suka koma gefe. Dattijuwar da kanta ta zuge jakar: zani ɗaya a ninke, katin asibiti, carbi, ƙullin kuka da daddawa, da 'yan kuɗin mota a ɗaure a bakin ɗankwali. Ma'aikaciyar ta leƙa, hannunta a baya, ta ce, "Allah Ya huci zuciyarki, Inna."

A lura da abin da dattijuwar ta yi. Rasit da leda ta ba da su ba musu. Jakarta ce ta tsaya a kai, kuma hujjarta ɗaya ce, wato an ɗauke wa wani an ɗora mata. Da ta ga dama ta tafi lokacin da manaja ya sallame ta, ba ta yi laifi ba. Ta zaɓi ta buɗe ne don kada 'yan kallo su tafi da rabin labari.

Leda, jaka, jiki

Abubuwa uku ake nema a duba a ƙofar kanti, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

Ledar kanti da rasit su ne mafi sauƙi. Gaskiya ne da zarar ka biya, kayan sun zama naka. Amma abin da ke cikin ledar yanzun nan kashiya ta gama gani, ba wani sirri a ciki. A ganina gardama a kan wannan ɓata lokaci ne. Ka riƙe rasit a hannu tun daga wajen biya, kada ka cusa shi a aljihu ko ka yar.

Jakar da ka shigo da ita daga gida wani abu ne dabam. A cikinta akwai abin da ba ka son bare ya gani: maganin ciwon da ba ka faɗa wa kowa ba, kuɗin adashe, takardun kotu, audugar mata. Kanti wurin mai shi ne, yana da ikon gindaya sharaɗin shiga, yana da ikon cewa wanda bai yarda ba kada ya shigo. Amma sharaɗi kafin ciniki ake faɗarsa. Idan an kafa allo a ƙofar shiga, da Hausa da Turanci, cewa ana duba jaka wajen fita, ka gani ka shiga, to ka yarda ke nan, kuma cika alkawari ya fi. Idan ba a faɗa ba sai da ka biya kuɗi, to roƙo ake yi, kana iya amsawa kana iya ƙi. Allon ma yana da iyakarsa a wurinmu, don da yawa daga cikin masu shiga ba sa karanta boko. Kantin da ke son a yi masa adalci sai ya sa mai gadi ya riƙa faɗa da baki tun a shiga. Ko ka yarda a duba, kai za ka buɗe, kai za ka ɗaga kayanka. Nasa ido ne, ban da hannu. Wannan kariya ce gare ku duka biyu: ba za a ce ya jefa maka wani abu ba, ba za ka ce kuɗinka sun ɓata a hannunsa ba.

Jiki kuwa, wato aljihu, da ƙarƙashin riga ko hijabi, da goyon da ke baya, ba hurumin mai gadin kanti ba ne. Namiji ya ce wa matar aure ta ɗaga hijabinta a bakin ƙofa, wannan ya wuce caje ya zama cin zarafi.

Sauran ƙasashe ma sun yi ta fama da wannan iyaka. A Ostareliya an yarda kanti ya kafa allon sharaɗi ya nemi a buɗe jaka, amma ma'aikaci ba ya taɓa kayan ciki, ba ya kuma tilastawa. A Jamus babbar kotun tarayya ta yanke hukunci a 1996 cewa sharaɗin cajen jakar kowa da kowa ba tare da takamaiman zargi ba, ba shi da ƙarfi a doka.

Abin da dokar ƙasa ta ce

Kakin mai gadi yakan rikita mutane. Ga hula, ga bel, ga takalmi sau-ciki, sai a ɗauka hukuma ne. Kamfanonin gadi masu zaman kansu suna ƙarƙashin kulawar hukumar Sibil Difens ne, amma ma'aikacinsu a gaban doka daidai yake da ni da kai. Ikon tsayar da mutum a caje shi ko bai so ba, 'yan sanda da makamantansu doka ta ba, su ma da sharuɗɗa.

Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya kare mutuncin ɗan Adam a sashe na 34, ya kare 'yancinsa daga tsarewa ba bisa ƙa'ida ba a sashe na 35, ya kare sirrinsa a sashe na 37. Sashe na 35 ɗin ya ƙara da cewa wanda aka kama ko aka tsare ba bisa doka ba yana da haƙƙin diyya da ban haƙuri a bainar jama'a. Dokar Final Kot da Arewa ke aiki da ita tun 1960 ta mai da tare wa mutum hanya, da kulle shi a wuri, da sa masa ƙarfi, da ɓata masa suna, duk laifuffuka.

Wannan ba ya nufin an ɗaure hannun mai kaya. Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta tarayya ta 2015, wadda Jigawa ma ta yi tata irinta, ta yarda mutumin da ba ɗan sanda ba ya kama wanda ya aikata laifi a gabansa, ko wanda yake da ƙwaƙƙwaran dalilin zargi a kansa. Amma ta ce ya miƙa shi ga 'yan sanda nan take. Ba ta ba shi damar kai shi sito ya kulle ba, ko ya mare shi, ko ya tuɓe shi, ko ya ɗauki hotonsa ya watsa a Facebook, ko ya yanka masa tarar ninki goma. Ta kuma ce idan za a caje wanda ake zargi, a yi cikin mutunci, mace ta caje mace, namiji ya caje namiji, sai fa inda hakan ya gagara.

Mene ne ƙwaƙƙwaran dalili? Ma'aikaci ya ga mutum da idonsa ya sa kwalbar turare a aljihu ya wuce kashiya bai biya ba. Kyamara ta nuna. Ƙararrawar ƙofa ta yi kuka da ya gifta. Waɗannan dalilai ne, kuma idan ƙararrawa ta yi kuka a kanka, hankali shi ne ka tsaya a duba, don sau da yawa kashiya ce ta manta ba ta cire maƙalar da ke jikin kayan ba. Amma ƙin buɗe jaka shi kaɗai ba shaidar sata ba ne. Mutane sukan ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, sai dai ba kowane mai ƙin as ne ke da kaza ba. Wani kunya ce, wani kuma zuciya.

Wa ake tsayarwa?

Mu koma kan mai gadin da ke kallon fuska. A yi kwana ɗaya a bakin ƙofar kowane babban kanti ana lura, za a ga waɗanda aka fi tarewa: mai silifas da ƙura a ƙafa, matashi mai tara suma, almajiri da aka aika, mace mai zurmemen hijabi, baƙauyen da ke ɗari-ɗari don bai saba da wurin ba. Mai shadda da makullin mota a hannu kuwa sai gaisuwa. Cajen da ya hau kan kowa tsari ne, ba ya zubar da girman kowa, kamar yadda ba wanda ke jin haushin cire takalmi a ƙofar masallaci tunda liman ma ya cire. Wanda aka zaɓo mutum ɗaya daga cikin goma aka yi masa, wannan tuhuma ce a gaban jama'a, ko da ba a furta kalmar sata ba.

Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta faɗi ƙarara cewa launin fatar mutum, ko shekarunsa, ko irin askinsa, ko irin tufafinsa, ba sa zama dalilin zargi. Idan ɗan sanda mai cikakken iko bai isa ya tsayar da kai don rigarka ta tsufa ba, ina ga mai gadin kanti?

Addini ma bai bar wannan a sake ba. Aya ta 12 a Suratul Hujurat ta yi hani ga yawan zato da bin diddigin sirrin mutane, kuma ƙa'ida ce sananniya a shari'a cewa wanda ya yi da'awa shi ke kawo hujja. Malamin Malikiyya Ibn Farhun, a littafinsa Tabsiratul Hukkam, ya kasa waɗanda ake tuhuma gida uku: wanda aka sani da nagarta, da wanda aka sani da ɓarna, da wanda ba a san halinsa ba. Na farkon ba a taɓa shi a kan zargi kawai, har wasu malamai suka ce a ladabtar da wanda ya tuhume shi. Ma'aunin a nan hali ne da aka sani, kuma alƙali ke aunawa. Tufafi ba su shigo lissafin ba. Masu karatun Suratu Yusuf za su tuna da ayarin da aka tsayar aka caje kayansu ɗaya bayan ɗaya a kan ma'aunin sarki, da yadda kalmar sata ta girgiza su suka shiga rantse-rantse. Wancan shiri ne na Ubangiji mai hikimarsa, amma zafin kalmar har yau bai ragu ba. A gari irin Dutse, inda da wuya ka shiga kanti ba ka haɗu da wanda ya san gidanku ba, labarin an tare wance a ƙofa yakan riga ta isa unguwa, kuma ba kullum ƙarshensa ke biyo shi ba.

Ajiye jaka a bakin shiga

Kantuna da yawa sun gano hanyar da ta fi sauƙi: ka bar babbar jakarka a akwatunan bakin ƙofa, a ba ka lamba, in ka fito ka karɓa. Wannan ya raba gardama tun kafin ta taso. Ka cire kuɗi da waya da katin banki tukuna. Jakar da aka karɓa aka ba ka lamba ta zama amana a hannun kanti, ba a buɗe ta a bayan idonka, kuma idan ta salwanta ta hanyar sakacinsu kana da bakin magana.

Wata matsalar da kan sa a tare mutum a kanti ita ce ta tiransifa. Ka tura kuɗi, an cire a asusunka, kashiya ta ce alat bai shigo ba. Kanti yana iya riƙe kayansa har kuɗin su bayyana. Kai ne ba shi da ikon riƙewa.

Idan abin ya faru da kai

Abu na farko, murya ƙasa. Wannan shawara ce ta tsira da rai kafin ta zama ta ladabi. Kowa ya san abin da kalmar "ɓarawo" ke jawowa a bakin kasuwa ko tasha: kafin a tambayi me ya sata an fara jifa. A Maris na 2025, a garin Uromi na Jihar Edo, 'yan sintiri sun tsayar da motar wasu mafarauta da ke kan hanyarsu ta komawa Kano, suka caje ta, aka yi musu ihu, taron jama'a ya kashe mutum 16. Daga caje aka fara. Don haka mai saye kada ya tara jama'a da hayaniya, mai gadi kuma kada kalmar nan ta fito daga bakinsa, ko da ya ga satar da idonsa. Ya ce, "Malam, ɗan zo mu yi magana a ciki," ya isa.

Ka tambaya cikin natsuwa: kowa ake dubawa ko ni kaɗai? Me ake zargin na ɗauka? Ka nemi manaja, don mai gadi umarni aka ba shi, sau da yawa ba shi da ikon sassautawa. In ka yarda a duba, a koma gefe, da shaida ɗaya, mace ta nemi mace. In ba ka yarda ba, ka faɗa a fili cewa ba ka yarda ba, in suna da zargi su kira 'yan sanda, za ka jira. Kada ka ture kowa, kada ka ruga. Gudu yakan mai da mai gaskiya abin bi. Kada ka sa hannu a takardar da ba ka karanta ba, kada ka biya kuɗin "a kashe magana" a kan abin da ba ka ɗauka ba. In kuwa mantuwa ce ta sa wani abu ya fita ba a biya ba, ko yaro ya ɗauki biskit ba ka gani ba, ka faɗi gaskiya ka biya.

Wanda aka ci wa mutunci ya riƙe rasit ɗinsa, don yana ɗauke da rana da lokaci, ya kuma nemi a adana hoton kyamara tun kafin a goge. Sau da yawa zuwa wurin mai kantin tare da wani dattijo ko mai unguwa yakan wadatar, a ba da haƙuri a ja wa yaro kunne. In abin ya kai ga duka ko kullewa ko yaɗa hoto, sai caji ofis. Akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, akwai hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye wadda dokar 2018 ta kafa, akwai hukumar ba da lauya kyauta ga marasa ƙarfi, sannan sashe na 46 na Tsarin Mulki ya buɗe ƙofar Babbar Kotu ga duk wanda aka tauye wa haƙƙi.

Ɗalibin da yake aikin gadi kuma, ga nasa: ya nemi maigidansa ya rubuta masa ƙa'idar a takarda, ya kafa allo, ya sa mace a ƙofa ko kusa da ita. Ranar da magana ta kai kotu, wanda ya sa hannu a jakar shi za a fara kira.

Tambayoyi da aiki

1. Me ya sa ba a cajen jaka a shagon unguwa amma ake yi a babban kanti?

2. Mai kanti ya saro kwalbar turare a kan naira 5,400 yana sayarwa naira 6,000. An sace kwalba biyu. Kwalba nawa zai sayar kafin uwar kuɗinsa ta dawo?

3. A misalin da muka karanta, wane kuskure mai gadi ya yi? Da kai ne manaja, me za ka gaya masa bayan dattijuwar ta tafi?

4. Mai gadi ya ga wani ya sa cajar waya a aljihu ya wuce kashiya. Faɗi abin da doka ta yarda ya yi, da abu biyu da ta hana shi.

5. Ku kasu gida biyu ku yi muhawara: dattijuwar ta kyauta da ta buɗe jakarta bayan an sallame ta, ko da ta tafi abinta ya fi?

6. Aikin gida: rubuta allon da za a kafa a ƙofar kanti da Hausa, kada ya wuce jimla uku, yana sanar da masu saye cewa ana duba rasit da jaka wajen fita. A zo da shi mako mai zuwa, aji zai zaɓi wanda kowa zai iya karantawa bai ji an zarge shi ba.